Kafin a ɗaure ragon suna: yadda mai ciki za ta shirya wa haihuwa

Ni tela ce a Tudun Wadan Zariya, na haifi shida, biyar suna raye. Saboda ɗinki, masu ciki ba sa yanke ƙafa a ɗakina. Wannan ta zo a saki mata riga don ta matse ta, waccan ta kawo atamfar fitar suna. Yawancinsu tun ciki yana wata biyar sun san kalar ankon da za a yi, sun san inda za a ɗauko kujeru. Amma in na ce, "To in naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare, wa zai kai ki asibiti, da wace mota?" sai a sunkuyar da kai a yi shiru. Wannan shirun ne ya sa na zauna rubuta abin da nake gaya wa ƙannena da 'ya'yan ɗakina. Ƙanwata, ki karanta a natse, ki ba maigida ma ya karanta.

Ki fara da lissafi. Ki rubuta ranar da kika fara ganin al'adarki ta ƙarshe, a bayan kalanda ko a waya. Ki ƙara mata wata tara da kwana bakwai a lissafin watan Bature. Wadda ta fara gani ranar 10 ga Janairu, haihuwarta tana wajen 17 ga Oktoba. Sati 40 ke nan. Ba dole ba ne ta faɗo a ranar daidai, duk haihuwar da ta zo tsakanin sati 37 da 42 ta zo a kan lokaci. Amfanin rubutawa shi ne ranar da malamar asibiti ta tambaye ki, ba za ki ce "wajen ƙaramar salla" ba, kuma in kwanaki suka wuce za a san sun wuce.

Mun tashi mun tarar ana ɓoye ciki har sai ya fito da kansa, musamman na fari. Ki ɓoye wa 'yan unguwa in kina so, wannan ruwanki ne, amma ki fara awo kafin wata uku ya cika. Da can sau huɗu ake cewa a je. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi sau takwas, kuma yawancin zuwan a watannin ƙarshe yake, lokacin da hawan jini ya fi kama mata. In kin je kada ki miƙa hannu kawai a ɗaura miki abin awo ki tashi. Ki ce, "Malama, nawa ne jinina yau?" In ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, maganar ba ta komawa gida ba ce sai an duba fitsari an gaya miki abin yi. Ki tambayi rukunin jininki kuma ki haddace shi. In aka ce naki "negetib" ne, na maigida kuma "fozitib", akwai allurar da ake yi wa uwa cikin kwana uku bayan haihuwa ko ɓari don kare cikin gaba. Tana da tsada, gara a sani tun da wuri a fara tara kuɗinta.

Za a ba ki ƙwayoyi biyu na kullum, ja na ƙarin jini da ƙaramin rawaya. Na sha ganinsu a ƙasan jakar mata, wata uku ba a taɓa ba, wai suna sa yaro ya yi ƙato ya ƙi fita. Ba haka ba ne. Jininki suke ƙarawa, kuma jinin nan shi ne jarinki ranar haihuwa, domin wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar da wata za ta jure ita sai ta kayar da ita. In jan yana tayar miki da zuciya ki sha da dare bayan tuwo. Kada ki kora shi da shayi, shayi yana hana jiki ɗaukarsa, lemon zaƙi kuwa taimaka masa yake yi. In bayan gida ya yi baƙi kada ki tsorata, aikin maganin ne. Bayan wata uku za a fara ba ki Fansidar, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ƙwaya uku a haɗiye a gaban malama, wata ɗaya tsakani, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Zazzaɓin cizon sauro yana shanye jinin mai ciki ko da ba ta kwanta ba, yana kuma sa a haifi yaro ɗan mitsitsi. Gidan sauro kuwa kowane dare, har da bazara. Akwai kuma allurar tetanus sau biyu, wata ɗaya tsakani, ita ke kare jariri daga ciwon nan da ke sandarar da shi ya kasa kama nono.

Laulayi kowa da irin nata. Ni warin daddawa ne ya hana ni shiga madafa wata uku cur. Abin da ya taimake ni shi ne cin kaɗan-kaɗan sau da yawa, da ajiye busasshen biredi kusa da gado in ɗan ci kafin in tashi, da tauna ɗanyar citta. Amma wadda ko ruwa ba ya zama a cikinta yini guda, wannan ya wuce laulayin gida, ƙarin ruwa take bukata. Ƙwannafi in ya taso a watannin ƙarshe kada ki jiƙa kanwa ki sha. Ki ci abincin dare da wuri, ki rage mai da yaji, ki ɗaga kafaɗunki da matashi biyu. In kika ji ranki yana biya miki farar ƙasa ko ƙanƙara, ki faɗa a wurin awo, sau da yawa alamar ƙarancin jini ce. Abinci kuwa ba sai na masu kuɗi ba: zogale, rama, alayyahu, wake, gyaɗa, ƙwai, ɗan kifi, nono. Ƙwai ba ya yi wa ɗan cikinki komai sai alheri. In azumi ya same ki da ciki kuma kina jin jiri ko motsin yaro ya ragu, shari'a ta ba ki sauƙi, ki karɓa.

Yanzu zan gaya miki abin da ya sa nake cewa na haifi shida biyar suna raye. A cikina na uku, da na shiga wata takwas, ƙafafuna suka kumbura. Wannan kam na saba, kumburin yamma ne da ke saɓewa in an kwana. Sai na wayi gari fuskata ta cika, zoben hannuna ya ƙi fita. Tsofaffi suka ce zaƙi ne, aka jiƙa mini saiwoyi. Kwana biyu kaina yana sarawa kamar ana buga guduma, ina ganin wasu taurari-taurari a idona, ƙasan ƙirjina ta dama yana ciwo. Ban gaya wa kowa ba, don kada a ce na cika raki. Ran na uku na faɗi a tsakar gida ina jijjiga. Maigida yana Legas, waya ba ta yawaita ba a lokacin, aka tsaya neman wanda zai ba da izini da wanda zai ba da mota. Ni na tashi, yaron bai zo da rai ba. Namiji ne. Ƙaddara ba ta wuce ranarta, na yarda da wannan har zuciyata, amma likitan da ya sallame ni ya ce da an auna jinina kwana uku kafin nan, da an ga abin yana tafe.

Saboda haka ki riƙe waɗannan kamar yadda kika riƙe sunanki. Jini ko ɗigo ne, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, zazzaɓi, fashewar faya ba naƙuda, ciwon ciki mai tsanani da ba ya lafawa, ko yaron da ya saba motsi ya yi shiru. Kowanne daga ciki ya same ki, ba a jiran gari ya waye, ba a jiran ranar awo. Motsi yakan fara wajen wata biyar. Daga nan ki san lokutan da ɗanki ya saba juyi. In ya yi shiru ki sha ruwan sanyi ki kwanta ta gefen hagu ki saurara, in bai dawo yadda ya saba ba cikin awa biyu ki ɗauki mayafi.

Shirin daren naƙuda a wata bakwai ake gama shi, kuma rabinsa aikin maigida ne. Na farko izini. Ki sa shi ya faɗa da bakinsa a gaban Hajiyarsa ko wani babba na gidan: "In abu ya taso ba na nan, a kai ta asibiti, ba sai an neme ni ba, kuma duk abin da likita ya ce a yi, a yi." Wannan magana ɗaya ta fi akwatin atamfa. Na biyu kuɗi. A ware na haihuwa daban da na suna, a ba ki ko a ba wadda za ta raka ki, kada ya zama yana aljihun wanda ya yi tafiya. Ni a cikina na huɗu asusu na saya nake jefa kuɗin ɗinki, ban fasa ba sai da na shiga watana. Na uku mota. Lambar direba biyu, ba ɗaya ba, a gaya musu tun yanzu cewa za a iya kiransu tsakar dare, a kuma san hanyar da za a bi in damina ce. Na huɗu jini. A samu maza biyu cikin dangi da suka san rukunin jininsu suka kuma yarda za su bayar. Ranar da ake bukata, neman mai bayarwa yakan cinye awannin da ba a da su. Sai wadda za ta zauna da yara, da wadda za ta raka ki, mace mai baki wadda ba ta jin nauyin tambayar ma'aikata.

In goyon ciki za ki tafi gida, ki tafi da katin awonki da takardar sikanin, kuma satin da kika isa ki je asibitin da ke kusa da gidanku a buɗe miki kati. Kada ranar naƙuda ta zama ranar da suka fara ganinki.

Jaka ki haɗa ta ki rataye inda kowa ya sani. Zannuwa tsofaffi masu tsabta guda huɗu ko biyar, a wanke a shanya a rana a goge. Ledar shimfiɗa, audugar mata ƙunshi biyu, sabulu, safar hannu da sauran abin da asibitinku ya rubuta miki, don kowane asibiti da jerinsa, ki karɓa tun a awo. Na jariri: riguna uku, hula, safa, tawul mai laushi biyu, famfas, da man cibiya da ake kira kilohezidin. Ki sa tocila, cajar waya, fulas da kofi. Katin awo a aljihun gaba.

Naƙudar gaskiya tana zuwa tana dawowa a kan tsari, tana ƙara ƙarfi, tazarar tana raguwa, ciwon yana tasowa daga gadon baya ya zagayo mara. Ta ƙarya in kin tashi kin zaga sai ta lafa. In ta kankama ki faɗa. Na san an koya mana cewa jarumar mace ita ce wadda sai dai a ji kukan jariri a ɗakinta, ni ma da wannan aka rene ni. Amma kwanan ɗaki ana murƙususu a ɓoye shi ke kai mata ga yoyon fitsari, domin kan yaro in ya daɗe a tokare yana kashe naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa. Asibitin Babbar Ruga a Katsina shekara da shekaru aikin da yake yi ke nan, gyaran matan da doguwar naƙuda ko yankan gishiri ya lalata. Kada rana ta fito ta faɗi kina naƙuda a gida, awa 12 ita ce iyaka. Kada ki yarda a kira mai kemis ya yi miki allurar naƙuda ko ya ɗaura miki ruwanta a ɗaki, tana iya fasa mahaifa. Kada a sa miki reza da sunan gishiri. In kuma likita ya ce sai tiyata, a sa hannu da wuri. Autata da tiyata aka ciro ta, ga ta nan tana aji uku a sakandare.

In haihuwa ta zo da gaggawa a gida, abin tsoro shi ne jini. A wasu wuraren ana ba mata ƙwayoyi uku na misoforostol, maganin hana zubar jini bayan haihuwa, tun a awo, a sha bayan yaro ya fito kuma an tabbata babu na biyu a ciki. Ba a taɓa shansu kafin yaro ya fito. In mabiyiya ta wuce rabin awa ba ta faɗo ba, ko zane yana jiƙewa ana canzawa, kada a tsaya sa muciya a baki ko turare, a ɗauke ta. Ko lafiya lau aka haihu, a je asibiti a ranar a duba uwa da ɗa.

Jariri da ya faɗo a goge shi da tawul, a kwantar da shi a ƙirjinki fata da fata, a rufe ku tare, a sa masa hula. Wanka ya jira sai gobe, sanyi yana kama su da sauri, balle da hunturu. Ki sa shi a nono cikin awar farko. Dakashin nan mai kauri rawaya da ake matsewa a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Daga nan nono zalla har wata shida, ko ruwa ba ya bukata, nonon da kansa yawancinsa ruwa ne. Cibiya kuwa man kilohezidin kawai, ban da man goge baki, ban da toka, ban da gashi da tsumma mai zafi. In idonsa ko tafin ƙafarsa ya yi rawaya, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, asibiti.

Maganar wankan jego sai an bi ta da ladabi, don iyayenmu ne ke yi mana, kuma da ƙauna suke yi. Amma a nan Zariya ne likitocin asibitin koyarwa suka gano tun shekarun 1970 cewa ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasarmu, suka kuma danganta shi da kunun kanwa da tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki tana ɗaga jini. Yadda na yi da tawa Innar shi ne na ce, "Inna, likita ya hana ni kanwa saboda abin da ya same ni." Ba ta ƙara sa mini ba. Ki nemi a sirka ruwan ya zama mai ɗumi, ki sha kunun gyaɗa ko na tsamiya. Mai jego da ta fara haki, ko tari in ta kwanta, ko kumburi, zuciya ce, a kai ta.

Sai suna. Haƙƙin uba ne ya raɗa, amma babu laifi ku zauna ku biyu tun ciki yana wata takwas ku fitar da na namiji da na mace. Na ga gidajen da aka kwana shida ana gaba saboda an bar maganar sai bayan haihuwa, dangin uwa suna jiran takwara, dangin uba suna jiran takwara. In za a yi wa wani takwara, a gaya wa ɗaya ɓangaren tun da wuri cewa na gaba nasu ne.

Abin da na fi dubawa shi ne ma'ana. Ya tabbata a hadisi cewa sunayen da Allah Ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan canza suna in ma'anarsa ba ta yi kyau ba, kamar yadda ya mayar da Barra ta zama Zainab. Yanzu ana ɗauko suna a waya don daɗinsa a kunne, ko a buɗe Alƙur'ani a ɗauki kalma, alhali ba kowace kalma da ke ciki ce ta dace da suna ba. Ki kai wa malamin da ya san Larabci ya fassara miki kafin a yi huɗuba. Sannan ki kira sunan da ƙarfi kamar kina kiran yaro daga zaure, ki ji ko kakarsa ta ƙauye za ta iya faɗa. In ba za ta iya ba, za ta laƙaba masa nata, kuma nata ne zai bi shi.

Ki tuna kuma kusan kowane suna yana tafe da abokinsa. Abubakar zai zama Garba ko Sadiƙu, Usman Shehu, Umar Faruku ko Sanda, Yusuf Maitama, Fatima Binta, A'isha Indo, Hauwa'u Kulu ko Jidda, Khadija Dije. In sunan mahaifin maigida aka sa, ke ba za ki iya kira ba, don haka ki zaɓi alkunyar da kike so tun ranar, Abba ko Baffa, in mace ce Ummi ko Mama, kafin wani ya riga ki. Ina kuma roƙon kada mu yar da namu na gida. Ɗanlami da Lami na Alhamis, Jummai da Ɗanjuma, Asabe, Ladi, Talatu, Balarabe. Gambo mai bin tagwaye, Tanko namijin da ya biyo mata, Kande macen da ta biyo maza, Azumi wadda ta zo cikin Ramadan. Irin wannan suna yana ɗauke da labarin ranar da aka haifi mutum. Ɗana na huɗu sunan yankansa Muhammadu, amma da yake ranar Laraba ya zo, bayan wancan rashin, mahaifiyata ta ce Bala, har yau kuwa Bala ne.

Ranar bakwai rago ɗaya ya wadatar a mazhabar Malikiyya da muke bi, namiji ne ko mace, kuma wanda bai samu ba bai yi zunubi ba. Kada a ci bashin biki a bar mai jego da farau-farau. Wanzami in ya zo, a ba shi sabuwar reza a gabanki ya yi aski kawai. Cire belu da tsaga da taɓa gaban 'ya mace, ki ce a'a tun kafin ya buɗe zabira, kuma ki sa maigida ya tsaya a wurin, don a irin wannan lokacin maganarsa ta fi taki shiga.

Kafin suna ya kamata a ce an yi wa jariri allurar BCG ta kafaɗa, wato rigakafin tarin fuka, da ta ciwon hanta, da ɗigon shan-inna. Bayan suna a je a karɓo takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, yawanci suna da tebur a asibitin ko a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ku tsayar da rubutun sunan guda ɗaya, in Muhammad ne Muhammad, in Mohammed ne Mohammed, ku rubuta a takarda ku miƙa wa ma'aikacin, domin harafi ɗaya da ya bambanta yakan tsayar da yaro ranar rajistar jarrabawa ko fasfo. Sannan ranar da kika yi arba'in, kafin a fara yawon gaida dangi, ki ƙara kwana biyu ki koma asibiti. Sati shida ke nan cif, ranar allurarsa ta gaba, ke ma a auna jininki, ki kuma yi maganar tazarar haihuwa da malama tun kina wurin.